Mu Auna Gudun Mota Tun Kafin Ta Yi Ɓarna

Kowa a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ya san yadda motoci suke sheƙa gudu a titin da ya taso daga Kano ta Wudil. Ƙauyuka da yawa suna bakin titin nan. Yara suna ƙetarewa zuwa makaranta, manoma suna koro amalanke. In haɗari ya auku, sai a kwashi masu rauni zuwa asibitin tarayya na Birnin Kudu, mu ce ƙaddara ce. To, 'yan'uwa, gudu abu ne da ake iya aunawa tun jini bai zuba ba.

Ga yadda ake yi. A auna mita 100 a gefen titi, a sa dutse farko da ƙarshe. Mutum ɗaya ya ɗaga ƙyalle in mota ta iso dutsen farko, na biyu ya duba agogo har ta kai na ƙarshe. In ta ci daƙiƙa 7, gudunta wajen kilomita 50 ne a awa. Daƙiƙa 4 da rabi, kilomita 80 ke nan. Daƙiƙa 3 da rabi kuwa, ta haura 100. Dokar hanya ta Nijeriya ta ce cikin gari kada a wuce 50.

Kada mu raina wannan bambanci. In direba ya ninka gudu, tazarar da birki yake bukata takan ninku sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in gudu ya tashi daga 50 zuwa 65, hatsarin mutuwar mai tafiya a ƙasa da aka buge yakan ninku sau huɗu da rabi.

Matasan ikkilisiya da maƙwabtanmu Musulmi za su iya haɗa kai su auna motoci 100, ran kasuwa da ran da ba kasuwa, su rubuta a littafi. Sai a kai wa dagaci da hakimi, daga nan zuwa ƙaramar hukuma da Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988. A roƙi allunan gargaɗi da tudun rage gudu. Kada kowa ya gina tudu da kansa, gama wanda ba a yi daidai ba yakan kā da mai babur da dare.

Kuka da baki yakan bi iska, amma lissafi a takarda yana da wuyar musu. Ƙaunar maƙwabci ta haɗa da kiyaye ransa. Allah ya tsare mu a hanya, amin.