Abin da Littafi Mai Tsarki ya ƙunsa

Wanda ya gifta ta Sabon Gari a Gusau da safiyar Lahadi zai ji ana karatu da Hausa a coci. Littafin da ake karantawa ya fito cikakke da Hausa tun 1932, bayan aikin Likita Walter Miller na Zariya da abokansa.

Littafin kashi biyu ne. Tsohon Alkawari shi ne littafin Yahudawa, asalinsa da Ibrananci: Attaura ta Musa, littattafan annabawa, da Zabura mai waƙoƙi 150. Jigonsa Allah ɗaya ne, ya ƙulla alkawari da Ibrahim, ya ba Musa Dokoki Goma. Annabawa irin su Amos sun tsawata wa masu tauye mudu da masu danne talaka, suka nanata haƙƙin maraya da baƙo. Wannan magana ta shafi kowace kasuwar hatsi, daga Tsafe har Bungudu.

Sabon Alkawari, littattafai 27 da Girkanci, na Kirista ne kaɗai. Matiyu, Markus, Luka da Yohanna suka kawo labarin Yesu da koyarwarsa kan gafara da ƙaunar maƙwabci. Kirista sun ɗauki Yesu a matsayin Almasihun da aka alkawarta a Tsohon Alkawari, Yahudawa kuwa suna jiran nasu.