Neman aure ta wayar salula: yadda za a kauce wa tarkon mayaudara

A ƙaramar hukumar Gaffati ta gundumar Mirya, kamar sauran garuruwan da ke kewaye da birnin Damagaram, da yawa daga cikin samari ba sa shekara a gida. Da an gama aikin damina, wasu su nufi Kano, wasu Agadas da wuraren haƙar zinariya na Djado, wasu kuma Libiya ko Aljeriya. Hirar saurayi da budurwa da aka saba yi a ƙofar gida yanzu ta koma cikin waya, ta hanyar Facebook, WhatsApp da TikTok, ko manhajojin haɗa masoya irin su Badoo, Tinder da Muzz, wadda aka tsara domin Musulmi masu neman aure. Akwai waɗanda suka dace ta wannan hanya. Akwai kuma waɗanda suka rasa kuɗi da mutunci a hannun mutanen da ba su taɓa gani ido da ido ba.

Abin da waya ta cire daga neman aure

A al'adar Hausa, neman aure yana tafiya ne da bincike. Kafin a karɓi kayan gaisuwa, iyaye kan aika a tambayo asalin yaro, sana'arsa, halinsa da mutanen da yake tarayya da su. Maƙwabta sun san shi, limamin unguwa ya san shi, mai gari ya san gidansu. Wannan binciken shi ne babu a manhaja. Duk mai lambar waya zai iya buɗe shafi cikin ƴan mintoci, ya sa sunan da ya ga dama, ya ɗauko hoton wani ya ce nasa ne. Mai mata uku zai iya cewa shi tuzuru ne, namiji zai iya zama budurwa, yaron da ke zaune a wata ƙasa zai iya cewa shi ɗan kasuwa ne a kasuwar Dole.

Kasancewar manhaja kyauta ba ya nufin kamfanin yana aikin sadaka. Ribarsa tana fitowa daga tallace-tallace, da kuɗin da masu son ƙarin dama ke biya, da bayanan da jama'a ke zubawa. Yawan masu shiga shi ne jarinsa, don haka ƙofar a buɗe take ga kowa. Wanda ya amince da mutum saboda hoto da daɗin baki kawai, cinikin biri a sama ya yi.

Hanyoyi uku da aka fi cutar da mutane

Ta farko ita ce damfarar soyayya. Mayaudari ba ya gaggawa. Zai ɗauki makonni yana gaisuwar safe da dare, yana maganar aure da addini, har zuciya ta saki. Daga nan sai matsala ta taso: mahaifiya tana asibiti, an tsare kaya a kan iyaka, ko ana buƙatar kuɗin mota domin a zo gaida iyaye. Yakan fara da ɗan abu kaɗan, kamar katin waya ko jaka 2, ya ga ko za a aiko ta Nita, Amana, Al Izza ko Airtel Money. Idan an aika, buƙata ta gaba za ta fi ta baya. Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta ce a shekarar 2023 kawai, mutane sun kai ƙarar asarar sama da dala biliyan 1 ta wannan hanya.

Ta biyu ita ce barazana da hotunan tsiraici. Ana lallaɓa mutum ya aiko da hoto ko ya tuɓe a kiran bidiyo, a naɗe, sannan a ce ya biya ko a tura wa iyaye da rukunin WhatsApp na gari. A wuri kamar Gaffati, inda kowa ya san kowa, wannan barazana tana da nauyi ƙwarai, kuma ba ƴan mata kaɗai take samu ba: samari da magidanta ma suna faɗawa. A watan Yulin 2024, kamfanin Meta ya sanar da rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya da ke da hannu a irin wannan aika-aika. A 2025 kuma, rundunar ƴan sandan duniya ta Interpol ta ba da sanarwar kama mutane 260 a ƙasashen Afirka 14 bisa zargin damfarar soyayya da barazana da hotuna.

Ta uku ita ce haɗuwar da ke ƙarewa da ɓarna. Ana kiran mutum zuwa wani ɗaki, gona ko bayan gari da sunan ganin juna, sai a ƙwace masa waya da babur, ko a ci zarafin yarinya. Akwai kuma alƙawarin aure ko aikin yi a wata ƙasa, wanda masu fataucin mutane ke amfani da shi.

Matakan da ke rage haɗari

Babban mataki shi ne a mayar da binciken da waya ta cire. Mai niyyar aure ba ya tsoron a san shi. A tambaye shi unguwarsu, sunan gidansu da wanda ya san shi, sannan a sa wani amintacce, kamar yaya, kawu ko gwaggo, ya tabbatar. Wanda ya nace cewa kada kowa ya ji labarin, ya riga ya nuna inda ya dosa.

A nemi kiran bidiyo tun da wuri. Idan kullum kyamara ta lalace ko rezo babu kyau, alama ce. Sai dai bidiyon ma ba hujja ce cikakkiya ba, domin yanzu akwai manhajojin da ke sauya fuska da murya. Ana iya saka hoton mutum a Google Lens a ga ko ya bayyana a wasu shafuka da wani suna dabam.

Kada a aika kuɗi ga wanda ba a taɓa haɗuwa da shi ba, komai tausayin labarinsa. Kada a ba da hoton katin shaida, lambar sirrin asusun kuɗi, ko lambobi 6 da WhatsApp ke turowa ta saƙo, domin da su ake sace shafi a riƙa roƙon kuɗi da sunan mai shi. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a cikin saitin WhatsApp yana toshe wannan ƙofa.

Hoton da ya fita daga waya ya fita daga ikon mai shi. Ko tsarin nan na gani sau ɗaya bai hana a ɗauke shi da wata waya ba. Haka ma hoton ƙofar gida, makaranta ko shago yana iya nuna wa baƙo inda mutum yake.

Idan za a haɗu, a haɗu da rana, a cikin jama'a ko a gidan iyaye, tare da rakiya. A sanar da wani a gida wurin da lokacin dawowa, a riƙe kuɗin kabu-kabu na komawa. Manhajoji irin su Tinder da Badoo na ƴan shekara 18 zuwa sama ne, don haka iyaye suna da haƙƙin sanin abin da ke cikin wayar yaransu.

Idan abin ya riga ya faru

Biyan mai barazana ba ya kashe maganar, sai ma ya nuna masa akwai abin tatsa. Abin yi shi ne a daina amsa masa, a adana saƙonni, lambar wayarsa da takardar tura kuɗi kafin a toshe shi, sannan a kai ƙara ofishin ƴan sanda ko na jandarma mafi kusa, ko wurin mai shigar da ƙara na gwamnati a babbar kotun Damagaram. Lambar gaggawa ta ƴan sanda ita ce 17. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019, tana kuma da hukumar HAPDP mai kare bayanan sirrin jama'a. Shafin StopNCII yana taimaka wa manya hana yaɗuwar hotunansu a Facebook, Instagram da TikTok, shi kuma Take It Down na waɗanda ba su kai shekara 18 ba ne.

Kunya ita ce babban makamin mayaudari, domin ya san wanda ya cuta zai fi son yin shiru. Idan iyaye suka tarbi ɗansu ko ƴarsu da duka da gori, sun taimaki ɓarawon ne ba tare da sun sani ba. Gidan da yaro zai iya faɗin abin da ya same shi ba tare da fargaba ba, shi ne gidan da barazana ba ta tasiri a cikinsa.