Bangaskiyar Ranar Litinin

Waɗanda data ba ta bari kuka saurari muryar ba, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau zancenmu a kan bin Ubangiji da zuciya ɗaya ne, kuma zan fara da ɗan lissafi. Mako guda awa 168 ne. A ce ka yi awa 3 a sujada ranar Lahadi, ka ƙara awa 2 na nazarin Littafi Mai Tsarki ko koyon waƙa a tsakiyar mako. Saura awa 163 ke nan. To, waɗannan 163 ɗin, wa ke mulki a cikinsu? A majami'a ai kowa mutumin kirki ne, an sha wanka, an sha ado, ana ɗaga hannu. Amma bangaskiyar mutum ranar Litinin ake ganinta, a shago, a aji, a ofis, a bakin famfo.

Ku buɗe Luka sura 3 idan kun samu sarari. Mutane sun zo wurin Yohanna Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi don tubansu ya tabbata. Bai ce kowa ya bar sana'arsa ya tare a jeji ba. Jama'a ya umarce su su raba sutura da abinci da marasa shi. Masu karɓar haraji ya hana su ƙari a kan abin da aka yanka. Sojoji ya hana su ƙwace da ƙage, ya ce albashinsu ya ishe su. Kun lura? Kowa an mayar da shi wurin aikinsa ne, can zai nuna tubansa.

Kada wani ya ce ina koyar da cewa aikin kirki ke sayen ceto. A'a. Afisawa sura 2 ta nuna ceto kyauta ne ta wurin alheri. Amma Yakubu sura 2 ta nuna bangaskiyar da ba ta haifar da aiki ba matacciya ce. Itacen mangwaro ba 'ya'ya ke ba shi rai ba, amma idan shekara ta bi shekara bai yi ko ɗa guda ba, mai gona zai fara tambaya.

Bari in kawo mana wurare uku da ake gwada mu kullum.

Na farko, kuɗi. 'Yar'uwa mai sayar da hatsi, mudun da kike saye da shi, shi ne kike sayarwa da shi? Ɗan'uwa mai POS, idan tsohuwa ta yi kuskure ta bar maka dubu biyu, kana kiranta? Ɗalibi, ka yi addu'a kafin jarrabawa, sannan ka shiga da satar amsa a safa, wa ka dogara gare shi a cikin biyun? Haka ma ƙuri'a. Wanda ya sayar da tasa a kan taliya da 'yan dubbai, ya sayar da asibitin garinsu da makarantar ƙannensa na shekara 4. Fitar da zakka daga kuɗin cuta ba ya wanke kuɗin.

Na biyu, waya. Da yawa cikinmu ba za mu iya zagin mutum ido da ido ba, amma a Facebook bakinmu ya fi reza. Saƙo ya shigo WhatsApp cewa an kai hari wuri kaza, babu bincike, sai turawa. A garuruwa irin su Jos da Kaduna mun san abin da jita-jita ke iya haddasawa kafin rana ta faɗi. Dokar da ta hana shaidar zur ba ta tsaya a kotu ba, ta bi mu har kan allon waya. Idan ba ka tabbatar ba, bari saƙon ya mutu a hannunka.

Na uku, maƙwabci, musamman wanda ba addininku ɗaya ba. Nan ne abin ya fi wuya, domin wasunmu sun binne 'yan'uwa, ba labari aka ba su ba. Ku tuna da Fasto James Wuye na Kaduna. Ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992. A 1995 ya haɗu da Imam Muhammad Ashafa, wanda shi ma ya rasa nasa mutanen a ɗaya ɓangaren, daga baya suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinan biyu. Hannun bai dawo ba, amma mutumin ya ƙi barin ƙiyayya ta cinye sauran jikinsa. Yafewa ba ta hana neman adalci. Ni kaina ina cikin masu fita neman haƙƙin waɗanda aka zalunta, kuma ba zan daina ba. Abin da take hanawa shi ne ka ɗora laifin wani a kan mai shayin unguwarku don kawai sunansa.

Ba zan ɓoye muku ba, wannan hanya tana da tsada. Za ka iya rasa kwangila don ka ƙi ƙara sifiri a takarda. Abokai za su ce kana da tsauri, wasu ma a cikin ikilisiya za su ce ka cika iyayi. Daniyel ma maƙiyansa sun bincike aikinsa kaf ba su sami inda ya ci amana ba, duk da haka sai da ya kwana a ramin zakuna. Gaskiya ba ta yi alkawarin sauƙi ba. Amma mai zuciya biyu kullum a gajiye yake, domin yana gadin fuska biyu.

Ga aikin gida na wannan mako. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Luka sura 19, da ya sadu da Yesu bai tsaya a kan hawaye ba, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki 4. Kai ma zaɓi abu guda. Bashin da ka yi shiru a kansa, ka kira mai shi. Ƙaryar da ka yaɗa, ka koma inda ka tura ta ka gyara. Maƙwabcin da kuka daina gaisawa, ka riga shi sallama. Guda ɗaya tak, kafin Lahadi ta zagayo.

Ubangiji ya ba mu zuciya ɗaya da ƙarfin bin sa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku zauna cikin salama.