Auna Sinadaran Finol a Cikin Hatsi da Wake ta Hanyar Haske

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Kafur, tare da maƙwabtanta Malumfashi da Bakori da Funtuwa a kudancin Jihar Katsina, ta shahara wajen noman dawa da masara da wake da waken suya. Daga waɗannan amfanin gona ne ake samun tuwo da kunu da ƙosai da awara, da kuma abincin kaji. Ga mafi yawan gidaje, su ne tushen furotin, wato sinadarin gina jiki, tun da nama ba kullum yake samuwa ba. Sai dai a cikin waɗannan ƙwayoyi akwai wasu sinadarai da kan hana jiki cin moriyar furotin ɗin baki ɗaya. A wannan babi za a yi bayanin waɗannan sinadarai, da yadda masana kimiyya suke amfani da haske wajen auna su, da kuma inda awon yake buƙatar taka-tsantsan.

1.1 Ma'anar Sinadaran Finol

Sinadaran finol wani babban dangi ne na sinadarai da tsirrai ke samarwa domin kare kansu daga ƙwari da tsuntsaye da cututtuka. Bahaushe ya daɗe da sanin aikinsu, ko da bai san su da wannan suna ba. Baurin da ake ji a goro da jan launin zoɓo duk daga wannan dangi suke. Mafi shahara a cikinsu shi ne tanin, wanda ya yawaita a cikin bagaruwa. Idan majemi ya tsoma fata a ruwan bagaruwa, tanin ne yake kama furotin ɗin fatar ya ɗaure shi, har ta zama jemammiya wadda ba ta ruɓewa.

Abin da tanin yake yi wa fata a majema, shi yake yi wa abinci a cikin ciki. Yakan ɗaure furotin ya sa ya yi wuyar narkewa, ya kuma rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa domin yin jini. Waken suya yana ɗauke da furotin kusan kashi 40 cikin ɗari, wake kimanin kashi 24, dawa kuwa wajen kashi 10. Ke nan wanda abincinsa dawa ce ba shi da rarar furotin da zai yi asara. Duk da haka, sinadaran finol suna da nasu amfanin. Tsuntsaye irin su jan-baki ba su cika son dawa mai bauri ba, kuma da yawa daga cikin waɗannan sinadarai suna taimakawa wajen kare ƙwayoyin halittar jiki daga lalacewa. Abin da ake buƙata shi ne a san adadinsu. Shi ya sa hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta ƙayyade a 1989 cewa kada tanin ya wuce kashi 0.5 cikin ɗari a dawar da ba a surfe ba, da kashi 0.3 a surfaffiya.

1.2 Dalilin Amfani da Haske

Mai sayen hatsi a kasuwar Funtuwa yakan duba launi ya tauna ƙwaya kafin ya yi ciniki. Amma launin waje yana iya yaudara. Tanin ɗin dawa yana cikin wata siririyar fata ce da ke ƙarƙashin ɓawo, kuma ba kowane iri ne yake da ita ba. Akwai jar dawa marar tanin, akwai kuma wadda ta yi fari a ido alhali tana ɗauke da shi. Haka kuma ido ba ya iya bambance kashi 0.3 da 0.5.

A nan ne ilimin awon haske, wanda ake kira sifekturoskofi, ya shigo. Tun a 1666 Isaac Newton na Ingila ya nuna cewa farin haske haɗin launuka ne, irin waɗanda ake gani a bakan gizo. Kowane launi yana da tsawon zangonsa, kuma ana auna shi da nanomita. Hasken da ido ke gani yana tsakanin nanomita 400 zuwa 700 ko sama kaɗan. Kowane sinadari yana da zangon da ya fi shanyewa. Misali mai sauƙi shi ne zoɓo a kofin gilashi: gwargwadon kaurinsa, gwargwadon raguwar hasken da ke ratsa shi. Wannan ita ce ƙa'idar da Lambert ya bayyana a 1760, Beer kuma ya cika ta a 1852: idan aka ninka yawan sinadari a ruwa, hasken da yake shanyewa ma yakan ninka.

1.3 Yadda Ake Yin Awon

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ta ruwan gwajin da Folin da Ciocalteu suka haɗa a 1927, wanda Singleton da Rossi na Amurka suka daidaita domin auna finol a 1965. Ga matakanta a taƙaice:

(a) A niƙe ƙwayar ta yi laushi, a auna wani ƙayyadadden nauyi na garin.
(b) A jiƙa garin a metanol ko aseton mai gauraye da ruwa domin sinadaran su fito, sannan a tace.
(c) A zuba ruwan gwajin a cikin tataccen ruwan, a ƙara sodiyam kabonet, a ajiye shi na wani lokaci. Ruwan zai rikiɗe ya zama shuɗi, kuma duhunsa ya danganta da yawan finol.
(d) A sa shi a ƙaramar kwalba cikin na'urar auna haske, a haska shi da zangon nanomita 765, a karanta adadin hasken da ya shanye.
(e) A gwama wannan adadi da na ruwan asid ɗin galik wanda aka riga aka san ƙarfinsa. Da haka ake fitar da sakamako a matsayin miligiram a kowane giram.

Idan tanin ɗin dawa kaɗai ake nema, akan yi amfani da banilin da asid, inda ruwan ke zama ja, a karanta shi a nanomita 500. Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar jiƙo, wadda ake haska garin da hasken da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani. Herschel ne ya gano irin wannan haske a 1800. Wannan hanya tana da sauri ƙwarai, amma sai an fara daidaita na'urar da samfurori masu yawa da aka auna ta hanyar sinadarai. Daidaiton da aka yi da dawar wata ƙasa ba lallai ne ya dace da ƙaura da farfara ba.

1.4 Inda Ake Samun Kuskure

Abin lura a nan shi ne, Folin da Ciocalteu sun haɗa ruwansu ne tun farko domin auna wasu ɓangarori na furotin. Saboda haka furotin ma yakan sa ruwan ya yi shuɗi, haka ma bitamin C. Idan aka auna garin waken suya ko awara ba tare da an raba furotin daga tataccen ruwan ba, sakamakon zai zarce gaskiya. Bugu da ƙari, irin ruwan jiƙon da tsawon lokacinsa suna sauya adadin da za a samu. Don haka ba a gwama sakamako biyu sai an tabbatar hanya ɗaya aka bi.

1.5 Kammalawa

Wannan awo yana taimaka wa masu fitar da sabon iri a wurare irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, wadda ta zama ɓangaren Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da kuma masu haɗa abincin kaji da na yara. Ya kuma tabbatar da hikimar iyayenmu mata, domin an gano cewa surfe da jiƙo da cire ɓawon wake da wanke hatsi da ruwan toka duk suna rage tanin. Na'ura takan ba da adadi, amma ingancin adadin yana hannun mai awo.

Auna Fahimta

1. Wace alaƙa ce ke tsakanin aikin bagaruwa a majema da aikin tanin a cikin ciki?
2. Kawo matakan auna finol da na'urar auna haske.
3. Me ya sa awon garin waken suya kan zarce gaskiya?