Ɗan Zariya Mai Rabon Ƙwallo



Ran Talatar nan da ta wuce, ana gab da tashi, wata baiwar Allah ta zo makarantar da na ke koyarwa a nan Kaduna, ranta a ɓace. Bayan mun gaisa na ba ta kujera, sai ta ce, "Malama, ni karatu na kawo yarinyar nan ta yi, ban kawo ta tsalle-tsalle ba. Kullum la'asar sai ta komo mini jiƙe da gumi, wai suna ƙwallon kwando. Ki dubi tsawonta ma, ko kafaɗata ba ta kai ba. Wannan ai wasan dogaye ne, kuma na maza."

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri ki ba ni kwana bakwai, zan ba ki amsa." Ta ce ta ji, amma in amsar ba ta gamshe ta ba, to yarinya ta bar wasa ke nan. Ga amsar nan. Na ga ya kyautu in rubuta ta a wannan fili namu, domin na san daga Kawo har Tudun Wada ba Hajiya kaɗai ke da wannan tunani ba.

Da fari bari in bayyana wasan ga waɗanda ba su taɓa tsayawa sun kalla ba. Wani malamin makaranta ne mai suna James Naismith ya ƙago shi a garin Springfield na Amurka cikin 1891, shekara na kewayowa kuwa 'yan mata suka fara yinsa a can. Mutum biyar-biyar a ke yi. Kowane ɓangare yana da kwando a rataye, tsawonsa daga ƙasa ƙafa 10, abin da a ke nema shi ne a jefa ƙwallo cikin kwandon abokan karawa. Ba a gudu da ƙwallo a rungume, sai dai a riƙa buga ta da ƙasa, ko a miƙa wa wani. In ƙwallo ta zo hannunku, daƙiƙa 24 kaɗai gare ku ku yi jifa.

Gaskiyar Hajiya, dogaye suna da amfani, su ne su ke tsayawa gindin kwando. Amma cikin biyar ɗin nan akwai biyu da a ke ajiyewa daga baya, galibi kuwa su ne gajeru. Sunan da Turawa su ke kiransu da shi, shi ne wanda muka ara mu ke cewa mai gadi. Ɗaya gwanin jifa ne daga nesa. Ɗayan shi ke ɗauko ƙwallo tun daga gidansu, ya ƙetare da ita tsakiyar fili, idonsa na kan mutum tara a lokaci guda. Ya san wanda hannunsa ke sa'a yau, ya san wanda ya gaji, ya san lokacin gudu da lokacin tafiya sannu. Aikinsa kamar na uwargida ne ran da ta ke da girki: ta san cikin kowa, ta san kwanon kowa, in ta iya rabo gida ya kwana lafiya, ko da ya ke ba kasafai a kan tuna a gode mata ba. Wannan shi ne gurbin da 'yar Hajiya ta ke riƙe da shi, mutumin da zan ba ku labarinsa kuma shi ma mai gadi ne.

Sunansa Masai Ujiri. An haife shi ran 7 ga Yuli, 1970, a garin Bournemouth na Ingila, inda iyayensa su ke karatu. Mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, ma'aikacin asibiti, mahaifiyarsa kuwa likita ce, mutuniyar ƙasar Kenya. Yana ƙarami suka komo gida suka zauna a Zariya, can ya tashi, can ya yi wayo. Daga tashar Kawo zuwa garin nan bai fi mil 50 ba, watau dai ɗan gida ne. Kamar sauran yara, tamaula ya fara bugawa da ƙafa. Sai da ya kai shekara 13 sa'an nan ƙwallon kwando ta shiga ransa, ya riƙa zuwa filin da ba rufi ba inuwa yana jifa. Allah ya haɗa shi da wani malamin wasa mutumin Amurka, Oliver Johnson, wanda ya daɗe yana koya wa matasa wasan a Jami'ar Ahmadu Bello.

A nan ina so iyaye mata su saurara da kyau. Mahaifiyar yaron nan likita ce, ba wanda zai koya mata darajar karatu. Duk da haka ba ta ɗauko bulala ba. Ta riƙa samo masa mujallun wasanni na Amurka yana karantawa, yana kuma kallon kaset-kaset na wasan, yana sha'awar Hakeem Olajuwon, ɗan Ikko wanda ya yi suna a can. Daga bisani iyayensa suka yarda ya tafi Amurka, ya yi makaranta a birnin Seattle, sa'an nan ya shiga kwalejin Bismarck a jihar Dakota ta Arewa, ƙasa mai tsananin sanyi da ƙanƙara. Ya yi shekara biyu yana karatu yana yi musu wasa, ya ɗan taɓa wata jami'a a jihar Montana, daga nan ya ƙetara Turai don ya mai da wasa sana'a.

Ba zan ɓoye muku ba, domin ƙarya fure ta ke yi ba ta 'ya'ya: Masai bai zama shahararren ɗan wasa ba. Shekara shida ya yi yana cin abinci da ƙwallo. Ya yi wa Derby da Solent Stars wasa a Ingila, ya je Beljiyam, ya je Finlan, ya je Denmak, yau yana nan gobe yana can, albashi kaɗan. Babbar ƙungiyar nan ta Amurka da a ke kira NBA, wadda kowane ɗan wasa ke mafarkin shiga, ko sau ɗaya bai taka filinta da rigar wasa ba. Cikin 2002 ya ajiye takalmi, yana da shekara 32. Wanda ya gan shi a lokacin sai ya ce iyayensa sun yi hasara.

To, amma a ganina akwai abin da ya fito da shi daga shekarun nan wanda ya fi kofi, shi ne ido. Wanda ya saba tsayawa daga baya yana auna mutum tara, ya kan koyi gane wanda zai yi amfani tun kafin kowa ya gane. Kulob-kulob na Amurka suna da ma'aikata waɗanda aikinsu ke nan, su bi ƙasashe suna neman yara masu baiwa. Masai ya roƙi kulob ɗin Orlando su ba shi wannan aiki, suka ba shi, amma ba ko kwabo. Da kuɗinsa ya ke biyan jirgi, ya kwana a ɗakin abokai. Mai haƙuri ya kan dafa dutse. Cikin 2003 kulob ɗin Denver ya ɗauke shi da albashi. Bayan shekara huɗu Toronto ta ƙasar Kanada ta kira shi, cikin 2008 ya zama mataimakin manaja. Cikin 2010 Denver ta sake kiransa, wannan karo a matsayin babban manaja, shi ne kuwa mutumin Afirka na fari da ya riƙe irin wannan kujera a NBA. A kakar 2012 zuwa 2013 kulob ɗinsa ya ci wasa 57 cikin 82, aka zaɓe shi manajan da ya fi kowa a shekarar.

Cikin 2013 ɗin nan ya koma Toronto, a nan ne kuwa idonsa ya yi aiki sosai. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2016, bayan an ɗebi mutum 26, ya ɗauki wani saurayi ɗan Kamaru mai suna Pascal Siakam, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba. Yaron nan daga baya ya shiga sahun manya. Cikin 2018 ya yi abin da ya jawo masa surutu: ya ba da DeMar DeRozan, ɗan wasan da mutanen garin suka fi ƙauna, ya karɓo Kawhi Leonard, wanda ya shafe kusan dukan shekarar da ta gabata yana jinyar ƙafa. Aka yi ta zarginsa da butulci. Ran 13 ga Yuni, 2019, Toronto ta ci Golden State 114 da 110 a wasa na shida, ta ɗauki kofin NBA. Tun da aka kafa ƙungiyar, ran nan ne kofin ya fara fita daga ƙasar Amurka. Ya ci gaba da shugabancin kulob ɗin har watan Yuni na 2025, sa'ad da suka rabu.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne bai manta da mafari ba. Tun 2003, lokacin da shi kansa bai tsaya da ƙafafunsa ba, ya kafa wata ƙungiya mai suna Giants of Africa, watau Ƙattin Afirka, wadda ke tara yara maza da mata a ƙasashe dabam-dabam ana koya musu wasa da tarbiyya. Cikin 2021 ƙungiyar ta ɗauki alkawarin gina filaye 100 a Afirka. Cikin 2025 kuma ya buɗe wani katafaren wurin wasa da masauki a Kigali, babban birnin Ruwanda, ya sa masa suna Zaria Court, don tunawa da filin da ya fara jifa a cikinsa. Yau mutumin Ruwanda da bai taɓa ganin Ƙofar Doka ba yana kiran sunan Zariya.

Na san Hajiya za ta ce, "Ai wannan namiji ne." To, ga na mata. Ƙungiyar matan Nijeriya, wadda a ke kira D'Tigress, ta ci kofin Afirka sau biyar a jere: 2017, 2019, 2021, 2023 da 2025. Cikin masu rabon ƙwallonta akwai Ezinne Kalu, wadda tsawonta ƙafa 5 ne da inci 8, ita aka zaɓa gwanar gasar 2019 a Dakar. A wasannin Olamfik na Paris cikin 2024 matan nan suka ci Ostareliya 75 da 62, suka ci Kanada 79 da 70, suka shiga cikin takwas na ƙarshe. Kafin su ba wata ƙungiyar ƙwallon kwando daga Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa kaiwa nan. Mai koyar da su a lokacin mace ce, Rena Wakama, aka kuwa zaɓe ta gwanar masu koyarwa a gasar.

Saura batun sutura, wanda na san shi ne a zuciyar yawancinmu ko ba a faɗa ba, kuma ba abin rainawa ba ne. Akwai wata Musulma a Amurka, Bilqis Abdul-Qaadir, gajera ce, ita ma daga baya ta ke tsayawa. A makarantar sakandare ta ci maki fiye da 3,000 da lulluɓinta. Da ta gama jami'a ta so ta mai da wasa sana'a, sai dokar hukumar wasan ta duniya ta hana sa lulluɓi. Ta zaɓi lulluɓinta ta bar sana'ar, amma ba ta yi shiru ba, ita da waɗansu suka yi ta kai kuka har aka soke dokar cikin 2017. Saboda haka yau yarinya tana iya rufe kanta, ta sa riga mai dogon hannu da wando har idon sawu, ta yi wasanta ko a gaban alƙalan duniya ne.

'Yan'uwa, ban ce kowace yarinya za ta je Paris ba, ban kuma ce ƙwallo za ta ciyar da ita ba. Masai kansa ƙwallo ba ta azurta shi da hannunsa ba, sai da ya haɗa da ilmi da haƙuri da iya zama da mutane. Abin da na gani da idona a aji shi ne wannan: yarinyar Hajiya da ta zo mana ba ta iya ɗaga murya ta amsa tambaya, yanzu ita ke tsara 'yan'uwanta huɗu a fili, ta ce ke tsaya nan, ke matsa can, su kuwa bi. Ta koyi miƙa wa wata ƙwallo ta ci, a tafa wa waccan, ita ba ta ji haushi ba. Wadda ta koyi wannan tun tana ƙarama, gobe in ta zama malamar asibiti, ko shugabar makaranta, ko uwargida, an rage mata rabin wahala. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Shawarata ga iyaye ita ce a sa sharaɗi maimakon a hana. A ce sai an gama aikin makaranta da na gida. A tabbata mace ce ke lura da su, ko kuwa akwai malama a wurin. A komo gida kafin magariba. In jarrabawa ta nuna karatu ya ja baya, a dakatar da wasa har ya gyaru. Sa'an nan uwa ta daure ta je da kanta ran da a ke wasa, ko a makaranta ko a Dandalin Murtala, ta zauna ta kalla, gani ya kori ji.

Ran Talata mai zuwa kwana bakwai za su cika. Zan ɗauki jaridar nan in kai wa Hajiya har gida, in karanta mata, in kuma roƙe ta ta zo ta ga 'yarta sau ɗaya kafin ta yanke hukunci. Hukunci nata ne, ita ta haifa. Abin da ta ce, in Allah ya kai mu, za ku ji shi a wannan fili. Wadda kuma ta ke da ra'ayi, ko na goyon baya ko na suka, ta rubuto mana.

Allah ya raya mana zuriya, ya sa su fi mu, amin.