Ranar Kasuwar Maigatari da Cunkoson Netwok: Yadda Ake Ɗaure Layukan Sadarwa Dami Guda a Rauta

Duk ranar Alhamis garin Maigatari kan cika maƙil. Fatake daga Nijar, dillalai daga Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar, da masu sayen shanu da raƙuma daga kudancin Najeriya, kowa da waya a hannu. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, ciniki mai yawa ya koma tiransifa da POS. Idan netwok ya cushe, an gama ciniki amma kuɗi sun maƙale, mota na jira, saye da sayarwa sun tsaya cik.

Abin tambaya shi ne: idan hanyar da ke ɗauke da bayanai ta yi kaɗan, saƙon wa zai fara wucewa? Na mai POS, na mai kiran waya, ko na mai kallon bidiyo a TikTok? Injiniyoyi sun daɗe da samar da amsa, kuma ɗaya daga cikin dabarun ita ce haɗa layuka da yawa a dami guda cikin rauta, wato na'urar da ke rarraba bayanai tsakanin hanyoyin sadarwa.

Mene ne layin da ba na zahiri ba?

Waya ɗaya ta faiba ko tangaran ɗaya na maikurowef na iya ɗaukar hanyoyi masu yawa waɗanda ido ba ya gani. Manhaja ce ke yanka su, ta ba kowace lamba. Ana kiran kowace irin wannan hanya VC, idan kuma an kafa ta dindindin sai a ce PVC.

Fasahar da ta shahara da wannan tsari ita ce ATM. Kada mai karatu ya ɗauka na'urar cire kuɗi ake nufi, suna ne kawai ya zo ɗaya. ATM na yanka bayanai ƙananan ƙwayoyi masu bayit 53, biyar na adireshi, 48 na saƙo. Kowane layi na da lambobi biyu, VPI da VCI. Wanda ya taɓa saita modem ɗin ADSL zai tuna lambobi irin 0/35 ko 8/35. Haka kuma turakun 3G na farko sun riƙa aika bayanansu da ATM a kan layukan E1 masu gudun megabit 2.048.

Me ya sa ake ɗaure su?

Idan ka ja layi ɗaya tsakanin Gumel da Maigatari, komai zai bi ta cikinsa, babba da yaro. Idan kuma ka ja huɗu a warwatse, kowane na buƙatar adireshin IP nasa da saitinsa, aiki ya ninka. Dami ya raba gardama: layuka da yawa, amma rauta na kallonsu a matsayin hanya ɗaya mai adireshi ɗaya. Kamfanin Cisco ya kira tsarin VC bundle.

Kowane ƙunshin bayanai na IP na ɗauke da lambar daraja daga 0 zuwa 7. Rauta na duba lambar, sai ta jefa ƙunshin a layin da aka ware masa. Shi ya sa dami ɗaya ke iya ɗaukar layuka har takwas. Kamar burtali ne da titin mota: duk gari ɗaya suka nufa, amma shanu ba sa tare wa motar asibiti hanya.

Yadda ake saitawa

A kan rautar Cisco ana fara buɗe damin da umarnin bundle tare da suna. Abin da duk layukan suka yi tarayya a kai ana rubuta shi sau ɗaya a vc-class atm, a liƙa wa damin da class-bundle. Sannan a shigar da kowane layi da pvc-bundle, a ba shi lambobinsa, a faɗi darajar da zai ɗauka da precedence. Misali:

Layi na 1: daraja 6 da 7, saƙonnin da rautoci ke yi wa juna.
Layi na 2: daraja 5, kiran murya.
Layi na 3: daraja 3 da 4, POS da harkar banki.
Layi na 4: precedence other, duk abin da ya rage.

Dole saitin ya zo daidai a ɓangarorin biyu. Ana kunna oam-bundle manage domin rauta ta riƙa gwada lafiyar layukan, ana duba sakamako da show atm bundle.

Idan layi ya faɗi fa?

Nan ne gizo ke saƙa. Idan layi ɗaya ya mutu, rauta kan tura kayansa zuwa layin da ke ƙasa da shi a daraja. Da bump explicit kai ne za ka zaɓi inda za su koma. Da no bump traffic kuma layi zai ƙi karɓar kayan wani, abin da ya dace da layin murya, domin cunkoso kaɗan ke sa magana ta riƙa yankewa.

Akwai kuma kariya iri biyu. Layin da aka sa wa protect vc, idan ya faɗi, damin duka ya faɗi, sai rauta ta nemi wata hanya dabam. Layukan da ke cikin protect group kuwa sai dukkansu sun mutu kafin a rufe damin.

Ga tarkon da ke kama sababbin hannu: layin ƙarshe ba shi da na ƙasa da shi. Idan ya faɗi ba a faɗa masa inda kayansa za su koma ba, yana iya jan damin gaba ɗaya ƙasa. Wato layin masu kallon bidiyo ya kashe na masu POS. Maganin shi ne a sa masa bump explicit tun farko.

Darasin bai tsufa ba

Yau Ethernet da MPLS sun maye gurbin ATM a mafi yawan hanyoyin sadarwa, amma tunanin na nan daram. Alamar VLAN na da lambobi 4094 da matakan daraja takwas. DSCP ya faɗaɗa darajar zuwa 64, inda murya ke ɗaukar 46. MPLS ma matakai takwas gare shi. Wanda ya fahimci dami ba zai sha wahalar waɗannan ba.

Jihar Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, ta zuba jari a kamfanin Galaxy ITT da cibiyar Informatics ta Kazaure. Matasan da ke girka intanet a shagunan rajistar JAMB, asibitoci da makarantu a masarautar Gumel na fuskantar tambaya iri ɗaya, ko da ƙaramar rautar MikroTik ce a gabansu.

Saboda haka kafin ka taɓa kibod, ɗauki takarda ka zauna da mai wurin. Ku rubuta abin da ba zai jure jinkiri ba, abin da zai iya jira, da inda kowane zai koma idan layinsa ya yanke. Bayan ka saita, kashe layukan ɗaya bayan ɗaya ka ga abin da zai faru. Ka yi gwajin ranar Talata, kada ka bari Alhamis ta yi maka shi.