Yadda ake gina bene a kwamfuta kafin a haƙa tushe

Ka taɓa wucewa ta wurin gini ka tarar da leburori zaune a inuwa, ga siminti ga yashi, amma aiki ya tsaya cak? Ba kullum ne kuɗi ke ƙarewa ba. Sau da yawa tsarin lokaci ne ya rikice: mai filasta ya iso, mai wayarin kuwa bai gama binne bututunsa a bango ba.

Tun shekarun 1910 injiniyoyi ke amfani da jadawalin Gantt, mai jera ayyuka da ranakunsu. Jadawalin zai gaya maka ranar da za a yi aiki, amma ba zai nuna maka ko ayyuka biyu za su ci karo a wuri ɗaya ba.

Wannan giɓin ne fasahar 4D ke cikewa. Da farko ana zana ginin a kwamfuta da tsawo, faɗi da tsayinsa, kowane ginshiƙi, bango da bututu da bayanansa. Wannan shi ake kira BIM. Daga nan sai a haɗa kowane sashe da ranar aikinsa ta manhaja irin su Navisworks ko Synchro. Lokaci ya zama ma'auni na huɗu ke nan. Kana dannawa, sai ginin ya riƙa tashi a gabanka kamar bidiyo, mako bayan mako.

Ga misali. Kankare yakan ɗauki kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da injiniya ya yi lissafi da shi. A ce jadawali ya sa a jibge bulo a kan dekin kwana uku bayan zuba shi. A takarda layi biyu ne kawai, ido zai iya tsallake su. A allo kuwa, ƙiri-ƙiri za ka ga nauyi ya hau ɗanyen dekin, ga magina suna aiki a ƙarƙashinsa. Gyaran wannan a kwamfuta minti kaɗan ne. A fili yana iya cin rai.

Amma fa kada ka ɗauka magani ne na komai. Aikin jirgin ƙasa na Crossrail a Landan ya yi amfani da BIM sosai, duk da haka layin da aka shirya buɗewa a Disambar 2018 bai fara aiki ba sai Mayun 2022, musamman saboda wahalar haɗa na'urorin sigina da kammala tashoshi. Kwamfuta abin da aka ba ta take nunawa. In ranakun da aka shigar na fatan alheri ne, ko aka daina sabunta su da abin da ke faruwa a fili, to bidiyon zai yi kyau, ginin kuma ya makara.